Ra'ayin Jarida: Ya Kamata Cleveland Ta Bar Sanders Ya Ƙarasa Kakar 2025

A ranar Lahadi 23 ga Nuwamban 2025, ƙungiyar Cleveland Browns ta doke Las Vegas Raiders da maki 24 da 10 a gasar ƙwallon ƙafar Amurka ta NFL, nasara ta uku kacal cikin wasanni 11. Wanda ya riƙe matsayin kwatabak, wato jagoran hari mai karɓar ƙwallo ya jefa wa 'yan gaba, shi ne Shedeur Sanders, kuma ranar ce ya fara buɗe wasa a gasar. Washegari mai horarwa na lokacin Kevin Stefanski ya sanar cewa shi ne zai sake buɗe wasa na gaba. Wannan jarida na ganin matakin daidai ne, sai dai bai isa ba. Kamata ya yi a ba shi dukkan wasanni shidan da suka rage, a kuma faɗi hakan a fili.

Ba wai Sanders ya yi wata bajinta ta ban mamaki ba ne. Jifa 11 daga cikin 20 ne suka isa hannun 'yan wasansa, kuma abokan hamayya sun cafke ɗaya. Masu tsaron bayan Cleveland ne suka ɗauki nauyin wasan, domin sau 10 suka kayar da Geno Smith na Raiders kafin ya jefa ƙwallo. Duk mai cewa an samu magajin kujerar saboda wasa guda da ƙungiya mai rauni ya yi gaggawa. Haka kuma kasancewarsa ɗan Deion Sanders, tsohon gwarzon gasar da ya horar da shi a Jami'ar Colorado, ba hujja ba ce, ko da yake sunan ne ya sa muhawarar ta yi zafi fiye da yadda ƙungiya mai irin wannan sakamako ta cancanta.

Hujjar tana cikin yadda aka zo nan. A shekarar 2022 Cleveland ta ɗauko Deshaun Watson daga Houston, ta ba shi kwantiragin dala miliyan 230 na shekara biyar da dole a biya ko ya buga ko bai buga ba, ta kuma sadaukar da damarta ta zagayen farko a zaɓen sababbin 'yan wasa har na shekara uku. Dakatarwa da raunuka suka cinye yawancin lokacinsa, kuma tun da jijiyar diddigensa ta tsinke a Oktoban 2024 bai koma fili ba har zuwa Nuwamban 2025. A kakar 2025 aka fara da dattijon wasa Joe Flacco, aka ajiye shi bayan wasa huɗu, aka kuma miƙa shi ga Cincinnati. Suka rage samari biyu da aka zaɓa a watan Afrilu: Dillon Gabriel na Jami'ar Oregon, na 94 a jerin zaɓe, da Sanders, na 144.

Gabriel ya samu damarsa. Daga wasan Landan da Minnesota a farkon Oktoba zuwa ranar 16 ga Nuwamba da ya bugu a ka a wasan Baltimore, ya buɗe wasa shida, ƙungiyar ta ci ɗaya. Yaro ne mai taka-tsantsan, ba ya yawan zubar da ƙwallo, amma gajeren jifa ya fi yi, har masu tsaron baya suka daina jin tsoron a wuce su ta sama. Wannan ba hukuncin ƙarshe ba ne a kansa. Abin nufi shi ne shugabanni sun ga abin da za su iya gani a wasa shida, kuma adalci da hankali duka sun nuna a auna ɗayan da mudu iri ɗaya.

Masu goyon bayan Gabriel na nuni da yadda Sanders ya rikice da aka sako shi a rabin wasan Baltimore, inda jifa 4 kawai cikin 16 suka isa. Gaskiya ne. To amma laifin wa? Har zuwa ranar ba a saba ba shi atisaye tare da manyan 'yan wasan da aka ce ya jagoranta ba. Duk wanda ya taɓa zama mataimaki a ofis, aka ɓoye masa fayil sai ranar da maigida ya kwanta asibiti, ya san wannan hali. Ƙungiyar da ta riga ta rabu da Flacco ta san cewa bugu ɗaya ne tsakanin Sanders da fili, don haka rashin shirya shi sakaci ne na masu horarwa.

Abin da ke gaba a lokacin shi ne zaɓen 2026. A Nuwamban 2025 Cleveland na da dama biyu a zagayen farko, tata da wadda ta samu daga Jacksonville. Tambayar da za ta fuskanta ita ce ko ta kashe su a kan sabon kwatabak, ko ta gyara layin da ke kare shi da masu karɓar jifa. Ba za a amsa ta da zato ba. Ƙungiyar da ta jarraba mutum sama da 40 a wannan matsayi tun da ta dawo gasar a 1999 ta fi kowa sanin tsadar canza ra'ayi duk mako. Idan Sanders na buga kowane wasa yana waiwayen benci, ba za a san iyawarsa ba, za a ga tsoronsa ne kawai.

Wasan da ya biyo bayan na Raiders da San Francisco ne, ƙungiyar da ke da Brock Purdy, wanda shi ne na 262, na ƙarshe gaba ɗaya a zaɓen 2022. Sai da mutum biyu da ke gabansa suka ji rauni ya samu shiga, masu horarwa suka bar masa kujerar, ya kai su wasan ƙarshe na Super Bowl a Fabrairun 2024. Babu tabbacin Sanders zai yi kwatankwacin haka. Zuwa farkon Janairun 2026 dai Stefanski da mai ƙungiyar, Jimmy Haslam, za su iya ajiye wasannin samarin biyu gefe da gefe su yanke shawara, muddin ba su sauya shi a tsakiyar hanya ba.