Musayar Gida: Ta Hutu Da Ta Tilas

A shekarar 1953 waɗansu malaman makaranta a ƙasashen Turai suka ɓullo da wata dabara. Ga dogon hutu, ga ƙarancin kuɗin masauki, sai suka shiga musayar gidaje: wannan ya kwashi iyalinsa zuwa gidan wancan, wancan ya zo nasa, hutu na ƙarewa kowa ya koma. Daga nan ƙungiyar Intervac ta samo asali.

Mutanen Jos su ma sun san musayar gida, amma tasu ta baƙin ciki ce. Bayan tarzomar watan Satumba, 2001, da ta Nuwamba, 2008, da ta Janairu, 2010, magidanta da dama sun yi musayar gidajensu dungum, Musulmi ya koma cikin Musulmi, Kirista cikin Kirista. Tsoro ne ya ƙulla wannan ciniki.

Ita kuwa ta hutu, amana ce jarinta, kuma Jos tana da abin sayarwa. Garin yana bisa tudu mai tsayin mita 1,200 ko fiye, saboda haka a watan Afrilu, sa'ad da zafi ke gasa Kano, mazaunin unguwar Abatuwa yana barci da mayafi. A ce malami daga Kano ya karɓi makullin takwaransa na Abatuwa na mako biyu, shi kuma ya ba da nasa. Babu wanda ya biya ko kwabo, kowa ya sha iskar wani gari.

Sai dai Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Wanda ya shiga gidan wani ya gai da mai unguwa da maƙwabta, don kada a ɗauke shi ɗan leƙen asiri a garin da bai gama warkewa ba. Ɗakin da aka kulle ya bar shi a kulle. Ya biya kuɗin wutar da ya sha, ya cika tukunyar gas. In gidan Musulmi ne, kada giya ta ƙetare ƙofa. In na Kirista ne, kada a taɓa abin da ke rataye a bango.

Ranar da magidancin Abatuwa zai miƙa makullinsa ga wanda ba addininsu ɗaya ba, ya tafi hankali kwance, ranar Jos ta fara komawa yadda dattawa suka san ta.