Takardar Digiri Ba Jingina Ba Ce

'Yan'uwa ɗalibai, musamman masu shirin fita daga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga wata al'ada da ta cancanci mu yi mata taron dangi. Wasu masu makarantu a ƙasashen waje, in sun ɗauki baƙon malami, sai su ce ya miƙa ainihin takardar digirinsa su ajiye har kwantiragi ya ƙare. Wai don tantancewa.

Tantancewa ba ta bukatar takarda ta kwana. A duba ta, a karɓi kwafi mai hatimi, a rubuta wa magatakardan jami'ar da ta bayar, shi ke nan. Abin da ya wuce haka dabaibayi ne. Malamin da takardarsa ke kulle a kabad ɗin wani, ko albashin wata uku aka hana shi ba ya da bakin magana, domin ba shi da abin neman aiki gaba. Jami'o'inmu kuwa ba kasafai suke sake buga wadda ta salwanta ba. Ɗan Kurfin da mahaifinsa ya sayar da gero ya biya masa karatu, don me zai ba da ita jingina alhali ba a bin sa ko kwabo?

Sa'annan zaman ƙasar wani ba shi da tabbas. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa izinin zama mako biyu su bar Nijeriya. 'Yan Gana masu ɗimbin yawa suka tafi, har da malaman makaranta. Wanda aka yanka wa irin wannan wa'adi, yaushe zai tsaya jiran mai makaranta ya lalubo makulli?