Tashar Baro: Abin da tsohon layin dogo ke gaya wa Abuja

Duk wanda ya isa Baro, a ƙaramar hukumar Agaie ta Jihar Neja, zai tarar da tashoshi biyu: tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ciyawa ta rufe layinta, da sabuwar tashar jiragen ruwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Janairun 2019. Babu wadda ke ɗaukar kaya yadda aka gina ta ta yi.

A 1907 ne Gwamna Percy Girouard, wanda ya gaji Lugard kuma injiniyan layin dogo ne, ya fara shimfiɗa layi daga Baro zuwa Kano. Dabarar a fili take. Jiragen ruwa su hauro Kogin Kwara da kaya har Baro, jirgin ƙasa ya karɓa ya bi ta Katcha da Badeggi da Minna da Zariya. Layin ya isa Kano a 1911, kuma nan da nan gyaɗa ta zama abin da Arewa ke fitarwa ƙasashen waje.

Sai dai ranar Baro ba ta daɗe ba. Layin Legas ya haɗu da wannan a Minna, sannan aka kammala gadar Jebba a 1916. Ɗan kasuwa ya daina jiran cikar kogi da damina, tunda kayansa na iya zuwa bakin teku kai tsaye. Daga nan Baro ta zama reshe, kuma da Hukumar Jiragen Ƙasa ta durƙushe, reshen ya mutu.

Darasin shi ne Baro ba ta taɓa rayuwa da ƙafa ɗaya ba. Mahaɗa ce. Gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta ƙaddamar da yashe kogin daga Warri zuwa Baro a 2009, an kuma gina tashar ruwa, amma kayan da aka sauke ba su da layin dogon da zai kai su Minna. Yashi kuwa ba ya jiran kasafin kuɗi. Kowace damina sai ya dawo.

Gyaran kundin tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa, don haka Neja na da ta cewa. Amma kogin na hukumar NIWA ne, layin na Hukumar Jiragen Ƙasa, hanyar Agaie zuwa Baro kuma ta Ma'aikatar Ayyuka. Muddin kowane ofis zai rubuta kasafinsa shi kaɗai, sabuwar tashar za ta bi sahun tsohuwar.