Wa Zai Nuna wa Baƙo Guzu-Guzu?



Duk sa'ad da aka ce makaranta za ta fita yawon buɗe ido, mu 'yan Gwarzo da Kabo sai hankalinmu ya yi Kano: gidan zoo na Audu Bako, Gidan Makama, a hau Dutsen Dala a ɗauki hoto. Masu dogon buri kuwa Yankari suke mafarki. Mu ma haka muka yi. Sai da muka shiga jami'a, abokai daga wasu jihohi suka tambaye mu me ake kallo a garinmu, muka yi zuru. Alhali ga madatsar ruwa ta Guzu-Guzu a Kabo, ga ta Challawa a Karaye, maƙwabtanmu.

Akwai yawon buɗe idon da ba ya neman otal ko lilo. Baƙo ya zo ya kalli tsuntsaye da itatuwa, ya hau dutse, ya sallami ɗan garin da ya raka shi, ya sayi fura da soyayyen kifi, ya tafi bai yar da ko leda ba. Sharaɗin ɗaya ne: abin kallon ya zauna da ransa. A nan gizo ke saƙar. Kiryar da aka sare aka ƙona gawayi sau ɗaya ake cin kuɗinta, kuma tsuntsun da ke sauka a kanta ya yi ƙaura ke nan. Ba ma zagin mai gawayi, tukunyarsa yake nema wa abin dafawa. Amma da rakiyar baƙi na kawo masa kuɗi, da shi zai fara tare mai gatari.

Ku dubi dajin Falgore a kudancin jiharmu. An keɓe shi tun zamanin Turawa, amma da ɓarayin shanu suka mai da shi maɓoya, har sojoji suka shiga, wane uba zai tura ɗansa kallo?

To, ga aikin hutu. Ku nemi malami ɗaya ya jagorance ku, a nemi izinin dagaci, ku je bakin dam da sassafe da littafi da biro. Ku rubuta kowane tsuntsu: belbela, zalɓe, carki, kirinjijiya, da shamuwa idan damina ta ƙarato. Wanda ba ku sani ba, ku tambayi masunta, sun fi mu 'yan jami'a sanin sunayen. Kada kowa ya shiga ruwa. Ku aiko mana da abin da kuka tara, za mu buga shi a nan da sunan makarantarku.