Binciken Waya Ba Ya Kashe Zargi

A zangunan Accra, daga Nima da Maamobi zuwa Fadama da gidajen haya na Adabraka, an daɗe ana ɗaukar zargi a matsayin shaidar so. Mijin da ke lalube wayar matarsa cikin dare, sai a ce ya damu da ita ne. Matar da ke ƙirga kiran mijinta kuwa, wai gidanta take tsarewa. Wannan ra'ayi ɓata ne, kuma masu yaɗa shi ba su ne ke kwana a ɗakin ba.

Zargi bai rasa abin ci a zango. Gida mai ɗaki goma da famfo ɗaya ba ya ɓoye fitar kowa, samarin da ke shan ataya a bakin lungu kuma sun san wanda ya wuce da lokacin da ya dawo. Ga mazan da suka tafi neman kuɗi Jamus ko Italiya ko Amurka suka bar mata shekaru, ga matan da ke aikatau a Saudiyya da Kuwait. Na nesa ba shi da ido sai na dangi da WhatsApp. Saƙon murya ɗaya daga ƙanwar miji, cewa an ga matarsa a kasuwar Nima ranar Laraba tana dariya da wani, ya isa a tsayar da kuɗin cefane.

Abin da masu yabon kishi ba sa faɗi shi ne, mai bincike ba ya ƙoshi. In ya buɗe waya bai ga komai ba, ya ce an goge. In kuɗin MoMo, wato kuɗin waya, suka shigo wa matar daga baƙuwar lamba, mai sayen waakye (shinkafa da wake) a wurinta ya zama kwarto. In ta sa wa wayar makulli, ta kama kanta. In ta cire, ta iya makirci. Malamin duba ya fi wayar ɓarna, domin da wuya ya ce babu komai, tunda da "akwai wata" yake samun na tuwo.

Addinin da ake fakewa da shi bai goyi bayan wannan ba. Suratul Hujurat ta hana yawan zato da bin diddigin mutane. Suratun Nur ta nemi shaidu 4 kafin a jefi mace da zina, ta yanke wa mai ƙazafi bulala 80. Suratun Nisa'i ta ce in saɓani ya yi tsanani, a ɗauko mai sasantawa daga dangin miji da wani daga dangin mata. Dokar Ghana ta 2007 kan cin zarafi a gida ita ma ta lissafa tsangwama da tsoratarwa cikin laifi ko ba a ɗaga hannu ba, kuma sashen DOVVSU na 'yan sanda yana karɓar irin wannan ƙara.

Wanda zargi ya kama, hanyarsa ita ce ya tambayi abokin zamansa baki da baki, ba ta bakin maƙwabta ba, su yi yarjejeniya kan kuɗi da fita da waya tun kafin tafiya. In amsa ba ta gamsar ba, a kira waliyyai ko liman. In kuwa an rantse, an kawo shaida, mutum bai daina bin matarsa har wurin suna da biki ba, to abin ya wuce kishi, ya zama ciwo, kuma likitocin ƙwaƙwalwa sun san shi. Asibitinsu yana nan Adabraka tun 1906.