Wa Ke Cin Rabon Ɗan Kurawa?

'Yan'uwana ɗalibai, duk sa'ad da aka tayar da zancen rabon guraben karatu a jami'o'in ƙasar nan sai a ga mun rabu gida biyu, kowa na kumfar baki. Ɗalibin Kudu yana kukan an danne masa haƙƙi domin a shigo da wanda bai kai shi maki ba, na Arewa kuwa yana rantsuwa cewa ba domin wannan tsari ba da yanzu ko kujerar masinja ba mu samu ba. An daɗe ana wannan gardama, amma akwai wani wanda da sunansa ake yin rabon, kuma ba kasafai ake tunawa da shi ba in ana yinta. Shi ne yaron Kurawa, ko na Gatawa, ko na Unguwar Lalle, da sauran garuruwan ƙasar Sabon Birni da Isa, can a bakin iyaka. Ra'ayina shi ne tsarin yana da amfani, kuma bai kamata a rushe shi ba, sai dai mudun da ake awo da shi ya sa rabon ba ya isa ga mai shi.

Bari mu fara da yadda abin yake a rubuce. Tsarin Mulkin 1979 shi ya fara shigar da ƙa'idar raba-daidai, wato kada wata jiha ko wata ƙabila ta mamaye ayyukan Gwamnatin Tarayya, na 1999 kuma ya maimaita ta. A wajen shiga jami'a, wadda Hukumar JAMB ke kula da ita tun 1978, ƙa'idar da aka sani ita ce kashi 45 cikin ɗari na gurabe a ba waɗanda suka fi cin jarrabawa, kashi 35 a ba 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma a ba jihohin da aka bari baya a ilmin zamani. Sakkwato na cikin waɗannan jihohi. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne: makarantun mishan sun kafu a Legas da Abekuta shekaru masu yawa kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903, kuma wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Har nan babu abin zargi.

Inda gizo ke saƙar shi ne tambayar da ake yi wa yaro a bakin ƙofa. Ba a tambayarsa wace makaranta ya yi, ko malamai nawa ne a cikinta, ko sau nawa aka rufe ta. Abin da ake ce masa shi ne ya kawo takardar shaidar asali, wadda muka fi sani da indijin, daga Ƙaramar Hukumar kakanninsa. To, ɗan babban sakatare wanda aka haifa a Abuja, ya yi makarantar kuɗi mai ɗakin gwaje-gwaje da janareta, wanda in an sauke shi a tashar Sabon Birni ba zai iya nuna gabas ba, shi da yaron da ya yi karatu zaune a kan dandamalin ƙasa a Kurawa takardarsu iri ɗaya ce, gurbinsu ɗaya suke nema. Ba sai an yi duba ba kafin a san wanda zai samu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da jahilcin ƙauye ake ƙididdige jihar a cikin waɗanda aka bari baya, 'ya'yan birni kuma su kwashe ladan.

Wannan ma ga yaron da ya mallaki takardar ke nan. Akwai wanda ba shi da ita, kuma a nan ne tarihin ƙasar Gobir ya shigo. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 Gobirawa sun watsu, wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya wasu suka kafa Sabon Birni. Gida ɗaya ne, zane ɗaya, harshe ɗaya. Da Ingila da Faransa suka gama cinikinsu, suka aiko ma'auna tsakanin 1906 da 1908 aka kafa duwatsun iyaka, sai wa ya kwana a ƙasar Ingilishi, ƙane ya kwana a ta Faransa, ba tare da an shawarci ko ɗayansu ba. Mutane kuwa ba su fasa auratayya da cin kasuwannin juna ba, domin dutse ba ya raba zumunta. Saboda haka a wannan yanki abu ne na yau da kullum ka sami yaron da uwarsa 'yar Tsibiri ce, ko wanda aka haifa can sa'ad da ta tafi goyon ciki gidan iyayenta.

Sai kuma masifar 'yan bindiga ta zo ta ƙara dagula lissafin. Tun daga 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, musamman wajen Gidan Rumji, suna neman inda za su kwana da rai. A watan Mayu na 2020 an kashe mutane fiye da 70 a wasu ƙauyukan Sabon Birni. A 2021 aka katse layukan waya a yankin. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, aka kuma kashe shi. Wanda ya gudu cikin dare da goyo a baya ba ya tsayawa neman takardar haihuwa, in ma da ma akwai ta. A cikin wannan hali ne, a 2021, JAMB ta wajabta wa duk mai son rubuta jarrabawarta ya kawo lambar ɗan ƙasa ta NIN. Ba na musun amfanin wannan wajen hana satar jarrabawa. Amma ƙaramin yaro ana haɗa rajistarsa ne da ta iyayensa, ita kuma takardar asali sai dagaci ko hakimi ya shaida, to yaya ke nan in garin ya watse, uban ya rasu, mai shaidar kuma yana gudun hijira shi ma? Sashe na 25 na Tsarin Mulki ya faɗa ƙarara cewa wanda aka haifa a wajen Nijeriya, muddin ɗaya daga iyayensa ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Akwai kuma na uku, wanda mu kanmu ba mu son a yi zancensa. Shi ne ɗan mai kemis ko ɗan makanike wanda kakansa ya zo daga Onica ko Ogbomosho, ko ɗan mai sayar da shayi da ya zo daga Madarumfa, aka haife shi a Isa, bai san wani gari ba, Hausar bakinsa ta Gobir ce tsantsa. Ubansa na biyan haraji da kuɗin rumfa a nan. Amma ranar neman tallafin karatu na jiha ba shi da suna, kuma a yawancin jami'o'in jihohi kuɗin wanda ba ɗan asali ba ya fi na ɗan asali. In ya koma garin kakansa, can ma sai an yi masa tambayoyi. Mu da ke kuka in an kira 'yan'uwanmu baƙi a Jos ko Shagamu bayan sun shekara ɗari a can, ya kamata mu ji nauyin yi wa wani haka a gida.

Abin mamaki, ranar zaɓe ba a tambayar kowa indijin. Inda mutum yake zaune nan ake yi masa rajistar ƙuri'a, kuma 'yan siyasa sun san hanyar kowane ƙauye in lokacin ya zo. Me ya sa ke nan masu ƙuri'ar ba su tilasta a gyara ba? A ganina, domin mun saba jefa ƙuri'a bisa "namu ne", ba bisa abin da za a yi mana ba. A 1979 Awolowo ya kwashe ƙasar Yarbawa, Azikiwe ya kwashe Anambara da Imo, Malam Aminu ya ci Kano, Waziri Ibrahim ya ci Barno, Shagari kuma ya ci Sakkwato. A 2023 Peter Obi ya kwashe jihohin Ibo, Kwankwaso kuma ya ci Kano kaɗai. Ɗan takarar da ya tabbata asalinsa zai kawo masa ƙuri'a ba shi da dalilin taɓa takardar asali, hasali ma ita ce jarinsa. Ƙasar Isa ta taɓa ba da gwamna, Attahiru Bafarawa, daga 1999 zuwa 2007. Ba zarginsa nake yi ba, ina dai nuni da cewa hawan ɗan gida kan kujera abu ɗaya ne, gyaran ƙa'idar da za ta daɗe bayan ya sauka kuma wani abu ne dabam.

Ba mu kaɗai ne ke fama da wannan ba. A Amurka, jihar Teksas, wadda ita ma ke bakin iyaka, ta yi doka a 2001 cewa yaron da ya zauna a jihar shekara uku ya kuma gama sakandare a can zai biya kuɗin jami'a irin na 'yan jiha, ko da iyayensa sun shigo ba takarda. Dokar ta yi aiki har Yunin 2025 da wata kotun tarayya ta dakatar da ita. A Yunin 2023 kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Amma akwai wata dokar Teksas ta 1997 da ta fi jan hankalina, wadda ta ba ɗaliban da suka fi ƙwazo a kowace sakandare, ta birni ko ta ƙauye, damar shiga jami'o'in jihar kai tsaye. Ba ta tambayi kakan kowa ba, makarantarsa ta duba. Mu ma nan ana ta kai ƙarar tsarinmu, musamman tun 2013 da aka fitar da makin shiga makarantun haɗin kai na Tarayya, aka ga ana neman 139 daga ɗan Anambara alhali a wasu jihohinmu abin da ake nema bai kai 10 ba. In ba mu gyara da hannunmu ba, wata rana za a rushe mana shi ɗungurungum, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Abin da nake kira a yi ba mai wuya ba ne. Kashi 20 ɗin nan na waɗanda aka bari baya a ɗaure shi da makarantar da yaro ya yi, a kuma raba shi bisa Ƙananan Hukumomi, ta yadda mafi ƙwazo a sakandaren gwamnati ta Sabon Birni zai kara da tsaransa, ba da ɗan makarantar kuɗi ta Abuja ba. Wanda ya yi firamare da sakandare a jihar nan ya biya kuɗin 'yan jiha, ko daga ina kakansa ya fito. Ga yaran gudun hijira kuma, a karɓi rajistar makaranta da shaidar hedimasta da ta limami ko mai unguwa, a kuma kai masu rajistar NIN har inda suke zaune.

Na san za a ce wannan zai buɗe wa baƙi ƙofa, musamman yanzu da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma tsaro ya taɓarɓare. Amma wanda ke da kuɗin sayen takarda ai tuni ya saya, kowa ya san ana yi. Wanda ƙa'idar yanzu ke tarewa shi ne talakan da ba ya iya saye. Kuma ɗan bindiga bai taɓa neman gurbin karatu ba. Yaron da aka rufe wa ƙofar makaranta shi ne abin nemansa. Shekara goma sha biyu a rajistar aji shaida ce da ta fi wuyar ƙirƙira a kan takarda guda mai hatimi.

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta haura shekara 50 tun kafa ta a 1975, saboda haka akwai bayanan da za su raba gardama. Ina roƙon shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai su rubuta wa hukumar jami'a da Hukumar Tallafin Karatu ta jiha, su nemi a fitar da jerin sakandaren da kowane ɗalibi mai takardar Sabon Birni ko Isa ya fito, na shekaru biyar da suka wuce, ba tare da sunaye ba. Ƙungiyoyin ɗaliban waɗannan Ƙananan Hukumomi biyu kuma su yi amfani da hutun da ke tafe su ƙirga yaran ajin ƙarshe da ba su da lambar NIN, a kawo adadin gaban majalisar ƙungiya a zamanta na farko bayan an dawo.