Ramin Ibn Batuta A Fuskar Wata

A garin Jere, wanda ke kan hanyar Kaduna zuwa Abuja a ƙaramar hukumar Kagarko, kamar sauran garuruwan ƙasar nan, idan Sha'aban ya kai ashirin da tara jama'a kan fita bayan gari da magariba, kowa ya ƙura wa yamma ido yana neman jinjirin wata. Amma da zarar wata ya tsaya an sanar, shi ke nan an sallame shi sai kuma daren Salla. Alhali kuwa kwana uku ko huɗu bayan tsayuwarsa ne yake buɗe wa mai haƙuri wani abin kallo wanda galibin mutane ba su san da shi ba, watau ƙananan ramukan da ke warwatse a fuskarsa.

Asalin waɗannan ramuka duwatsu ne da ke yawo a sararin sama, su faɗo kan wata da gudun kilomita da yawa cikin daƙiƙa guda, su fashe, su bar gurbi. Duniya ma ba ta tsira ba. Ran 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami cikin ƙasar Katsina, daga baya masana suka tabbatar daga duniyar Mas ya fito. Tafkin Bosumtwi da ke kusa da Kumasi a Gana, mai rami da faɗinsa ya kai wajen kilomita 10, faɗuwar dutse ce ta haƙa shi shekara miliyan guda da ɗoriya da suka shige. Bambancin kawai shi ne a duniya ruwan sama da iska suna cike rami su shafe shi, wata kuwa ba shi da ko ɗaya, saboda haka ramukansa suna nan daram.

Mutum zai zaci daren sha huɗu ne ya fi dacewa da wannan kallo. Ko kusa. A wannan dare hasken rana yana sauka a fuskar wata kai tsaye, ba inuwa, kamar yadda tsakar rana ke ɓoye kunyoyin gona ga mai hange daga nesa, sai da hantsi ko la'asar su fito rangaɗau. Wurin da ya kamata a duba shi ne iyakar da ta raba haske da duhu. A nan ne rana ke fitowa a kan wata, inuwa ta yi tsawo, bakin rami ya haskaka, cikinsa ya yi baƙi ƙirin. Wannan iyaka tana matsawa kowane dare, don haka kowane rami da darensa.

Akwai wani rami da ya cancanci Bahaushe ya neme shi. A 1976 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta raɗa masa sunan Ibn Batuta, matafiyin nan na Maroko wanda ya sauka Takadda, cikin ƙasar Nijar ta yau, a 1353, har ya ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai wa tagullar garin. Faɗin ramin kilomita 11 ne, kusan daidai da na Bosumtwi. To, amma wata yana nesa da duniya da wajen kilomita 384,000, saboda haka ganinsa tamkar hango ƙwayar gyaɗa ne daga nisan mita 350. Ido kaɗai ba ya iyawa, tabaron hangen nesa mai ido biyu ma manyan ramuka yake nunawa. Sai an sami madubin hangen nesa mai ƙafa, wanda faɗin gilashinsa ya kai santimita 8 ko 10.

Ga yadda ake kai masa. A dare na uku ko na huɗu ga wata, mai dubawa zai ga wani baƙin fili kewayayye kusa da gefen wata, wanda taswira ke kira Mare Crisium. Kudu da shi akwai wani filin da ya fi shi girma, Mare Fecunditatis. A gabashin wannan fili akwai babban rami, Langrenus, a yammacinsa kuma Goclenius. Ibn Batuta yana tsakaninsu, ya fi kusa da Goclenius, da wani maƙwabci kusan tsaransa mai suna Lindbergh. Ashe ƙaramin rami ba a gane shi da kamanninsa, domin duk kusan kamarsu ɗaya, sai da maƙwabtansa, kamar yadda ake yi wa baƙo kwatancen gida daga masallaci ko bakin kasuwa. Sai dai a lura, madubi yakan juya hoto, don haka a fara daidaita taswira da manyan alamu tukuna.

Jere ta dace da wannan aiki, domin a wannan yanki wata yakan bi ta kusan tsakar ka. Lokaci mafi kyau shi ne ƙarshen damina, wajen Oktoba da Nuwamba, sa'ad da ruwa ya wanke sama, hazon hunturu kuma bai sauko ba.

Babban abin da wannan kallo ke koyarwa shi ne rarrabe abin da ido ya gani da abin da zuciya ke son gani. Mai dubawa ya zana abin da ya gani a takarda, ya rubuta rana da lokaci, sa'an nan ya gwada da taswira. Idan bai yi daidai ba, ya amsa cewa bai gani ba, ya jira dare na sha bakwai ko sha takwas, lokacin da inuwa ke komowa wurin. Yaron da malaminsa ya horar da shi a kan haka, ran da ya girma ya ce ya ga jinjirin watan Azumi, shaidarsa abar kamawa ce.